IN INJI YA ƘI TASHI A HANYAR ASAMAKA

Asamaka ita ce tasha ta ƙarshe ta ƙasar Nijar kafin iyakar Aljeriya. Tsakaninta da Arlit, garin da kamfanin SOMAIR ya soma haƙar uraniyum a 1971, akwai tafiyar kilomita fiye da 200 cikin rairayi da tsakuwa. A Maraɗi ko Damagaram, motar da ta ƙi tashi ɓata lokaci kawai take yi. A nan kuwa rai take ci. Cikin watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, galibinsu mata da yara.

Saboda haka ya wajaba direba ya san ciwon motarsa, kuma kunnensa ne likita na farko. In ya murɗa makulli bai ji komi ba, fitilu kuma sun dushe, to, ya nufi batir. Zafin hamada yana shanye ruwan batir, girgizar hanya tana kwance kawunansa. Sai a kankare farin garin da ya taru a kansu, a ɗaure su tamau. Ruwan da za a ƙara, tataccen ruwan batir ne. Na rijiyar Asamaka, mai warin kibiritu, ba ya yi.

In kuwa inji yana juyawa amma bai kama ba, batir ba shi da laifi. Nan ne direbobi da yawa ke yin ɓarna, su yi ta murɗa makulli har wutar da ta rage ta ƙare. Daƙiƙa goma sun isa, sa'an nan a huta. Injin gazwal abu uku yake bukata: mai, iska da zafi. Man da ake saye a durom sau da yawa yana zuwa da ruwa da yashi, ya toshe matatar mai. In tanki ya taɓa ƙafewa, iska ta shiga bututu, dole a fitar da ita: a sassauta ƙusar da ke kan matata, a yi ta danna famfon hannu har gazwal ya fito ba kumfa, a ɗaure. Matatar iska ma a cire ta a kakkaɓe, don ƙurar rana guda tana iya shaƙe ta. Da asubar hunturu, sa'ad da sanyi ke sauka ƙwarai a hamada, a jira bujin ɗumama su yi aikinsu kafin a tada.

Motar isansi, irin tsohuwar Peugeot 504 da ta sha ratsa wannan hanya, wuta take nema. A cire buji guda, a jingina shi da jikin inji, wani ya murɗa makulli. In ba tartsatsi, a duba wayoyi da delko.

Turi yana tada mota a ƙasa mai tauri, amma cikin yashi wahalar banza ce. In dabara ta ƙare, kada kowa ya bar motar ya kama tafiya da ƙafa: masu nema sun fi saurin ganin mota da mutum. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba su fita Arlit sai cikin ayari, da durom na ruwa, da batir da matata na ajiya, bayan sun shaida wa jandarma ranar tashinsu.