Harajin da ya san shekarunka da wanda bai sani ba

Duk dattijon Kamarawa ta ƙasar Isa da ya haura saba'in ya biya gwamnati ta hanya biyu a rayuwarsa. Ta farko ya gan ta da idonsa, ta biyu kuwa sai dai ya ji aljihu ya yi sauƙi.

A zamanin En'e, da kaka ta yi, an ɗaure damman gero, sai maganar haraji ta taso. Mai unguwa ya san kowane gida. Ranar da ya lura gemun yaro ya fara tsirowa, ko ya ga ya iya riƙe galma wuni guda, yaron ya shiga lissafi ke nan. Kuɗin su bi ta hannun hakimi zuwa uban ƙasa a Isa, su zarce baitulmali a Sakkwato. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu, ya biya jangali. Wanda ya biya a ba shi 'yar takarda, ya ninke ta ya cusa cikin hula, don ko cin rani zai tafi sai an tambaye shi ita a hanya. Kai, cin ranin kansa, da yawa neman kuɗin haraji ne ya koya wa samarin Gobir shi. Wanda ya kasa, dogarai su shanya shi a rana, ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya tsallaka Maraɗi cikin dare. Ba banza ba talakawa suka yi ta murna da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979.

Ban ce a dawo da harajin En'e ba. Amma akwai abu ɗaya da nake yaba masa: yana da ƙofar shiga da ta fita. Ba ya hawa kan yaro, ba ya hawa kan mace, kuma idan ƙarfi ya ƙare ko ido ya tafi, ana cire sunan mutum. Wato nauyin yana kan shekarun da kafaɗa take iya ɗauka. Sannan mai biya ya san wa ya karɓa, ya san wa zai zaga a zuci.

Harajin kaya, wanda ake kira VAT, ya fara aiki a 1994 da kashi 5 cikin ɗari, ya koma 7.5 a 2020. Ba dogari, ba shanya a rana, har ma an keɓe kayan abinci na yau da kullum da magunguna. Ta wannan fuskar ya fi na da mutunci nesa ba kusa ba. Sai dai ba ya tambayar shekara. Yana cikin katin wayar da budurwa ta saya, da babur ɗin ɗan acaɓa, da kwanon rufin ango, da atamfar lefe, har farin yadin da za a yi wa tsoho sutura. Bazawara mai marayu biyar da babban ɗan kasuwar Shinkafi kaso ɗaya suke biya a kan buhun siminti.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ba haraji ba ne a takarda, amma a aljihu tafiyarsu ɗaya. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a shekarar da ta biyo. Mai naƙuda da za a ɗora a babur zuwa asibitin Isa ta biya, mai injin ban ruwa a fadama ya biya, tsohon da ya daina noma tun tuni shi ma ya biya a kuɗin niƙa.

To me ya dawo? A zamanin Buhari an riƙa ba wasu gidaje naira 5,000 a wata. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Alheri ne, ba a raina shi, amma ba ya bin shekarun mutum, wa'adin gwamnati yake bi. Manomi ba shi da fansho. Fanshonsa 'ya'yansa ne da zakkar maƙwabta. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, abin da zai sanyaya ran ƙaramin ma'aikaci, amma dama can ba a taɓa yanke wa mai noman gero wannan harajin ba.

Abin takaici, harajin da ake gani ya dawo ƙasar Isa da Sabon Birni, ba daga hannun gwamnati ba. 'Yan bindiga suna aza wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka, su sake azawa kafin girbi. Gari ya zauna ya raba gida-gida kamar zamanin En'e, sai dai wannan karon ba a cire tsoho, ba a cire makaho, kuma babu takardar da za a cusa cikin hula.