Ƙaramar Hukumar da Ta Yi wa Talaka Nisa

Wanda ya tsaya a arewacin kogin Kaduna birni guda zai gani a manne, daga Kawo da Unguwar Dosa zuwa Malali da Unguwar Rimi, a gangara Tudun Wada, har a dangana da Rigasa inda tashar jirgin ƙasan Abuja take. A takardar hukuma kuwa an raba wannan yanki gida uku. Kawo da Malali da Unguwar Rimi suna Kaduna ta Arewa. Tudun Wada da Badiko, duk da suna wannan gefen kogin, an haɗa su da Kakuri da Barnawa a Kaduna ta Kudu mai hedikwata a Makera. Rigasa kuwa tana ƙarƙashin Igabi, wadda hedikwatarta take Turunku, tsohon garin nan da tarihin Zazzau ya danganta da Bakwa Turunku, can cikin karkara. Mutumin Rigasa da ke neman sa hannun ciyaman ɗinsa sai ya ratsa ƙasar wata ƙaramar hukumar, ya fita ta Kawo, ya yi ta nausawa kafin ya isa. Rigasar nan da jama'arta ta fi ta wasu ƙananan hukumomin ƙasar nan yawa, mazaɓa ɗaya ce tak cikin 12 na Igabi, kansila ɗaya ke wakiltarta. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma babu halaccin kantomomin riƙo, hankalin kowa ya koma kan kuɗi. Hukuncin ya yi daidai. Sai dai ko an zuba wa Turunku kasonta cif-cif, nisan da ke tsakaninta da mai shago a Rigasa yana nan, domin abin da muke kira ƙaramar hukuma a Nijeriya ya yi girman da ba zai iya sanin mutanensa ba, kuma a ƙarƙashinsa babu wani zaɓaɓɓen mataki da ke riƙe da ko kwabo.

Tun farko haka aka tsara ta. Gyaran 1976 da ya shafe En'e ya kafa ƙananan hukumomi kusan 300, aka so kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, saboda masu tsarin sun fi damuwa da hukumar da za ta iya ɗaukar injiniya da akanta fiye da wadda talaka zai taka da ƙafa ya je. An yi ta ƙari har aka tsaya a 774 a shekarar 1996, jihar Kaduna tana da 23. Ƙidayar 2006 ta ba Kaduna ta Arewa sama da mutum 350,000, Igabi kuma kimanin 430,000, yau ko shakka babu sun wuce haka nesa. In aka raba al'ummar ƙasar da ta haura miliyan 200 a kan 774, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da fiye da mutum 250,000. A Faransa kuwa, mutum miliyan 68 suna da ƙananan hukumomi kusan 35,000, wato kimanin mutum 2,000 a kowace, kuma kusan rabinsu ba su kai mutum 500 ba.

Ya kamata a duba ƙauyen Faransa da kyau, domin a nan ake ganin abin da muka rasa. Dokar 14 ga Disambar 1789, a farkon juyin juya halinsu, ita ta mayar da kusan kowane ƙauye mai majami'arsa hukuma mai cin gashin kanta, wadda maƙwabtanmu na Nijar ke kira komin. Ƙauye mai gidaje ɗari da gonakin da ke kewaye da shi, da ɗan dajinsa da rafinsa, yawanci faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 15 ba, yana da majalisa da magajin gari. Inda mutane ba su kai 100 ba, kansiloli 7 doka ta tanada. Daga 100 zuwa 499 kuma 11. Ana zaɓensu duk shekara shida, su kuma su zaɓi magajin gari a cikinsu, tsarin da ya zauna da gindinsa tun dokar 1884. Ofishin kansa sau da yawa ɗaki biyu ne jingine da makarantar firamare, da tuta a ƙofa da allon sanarwa a bango, inda ake liƙa abin da majalisa ta zartar da sunayen masu shirin aure kwana goma kafin ɗauri. Sakatariyar ofishin takan zo kwana biyu a mako, sauran kwanakin tana ƙauyukan maƙwabta da suka yi tarayya wajen biyanta. Magajin garin manomi ne ko malamin makaranta da ya yi ritaya. Shi ke rubuta haihuwa da mutuwa, shi ke ɗaura auren hukuma sanye da ɗamarar tuta, shi ke da alhakin ginin firamare da hanyoyin cikin ƙauye da maƙabarta. Dole majalisa ta zauna aƙalla sau ɗaya a wata uku, ƙofa a buɗe, duk wanda ya ga dama ya shiga ya saurara. Riƙon da suka yi wa wannan tsari har ya kai ƙauyuka shida da yaƙin Verdun ya shafe a 1916, irin su Fleury-devant-Douaumont, ba mai zama a cikinsu har yau, amma ba a soke su ba, ana naɗa musu magajin gari.

Abin lura shi ne ayyukan nan kusan su ne Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukumarmu: maƙabarta, kasuwa, tashar mota, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare. Duk ayyuka ne da sanin wuri ya fi ƙwarewa amfani a cikinsu. Kwalbatin da ke toshewa duk damina har ruwa ya shiga gidaje a Rafin Guza, ko ajin da iska ta yaye wa rufi a wani lungu na Hayin Banki, ba sa buƙatar masani daga waje. Suna buƙatar wanda zai ji kunya in an wayi gari ba a gyara ba, saboda da masu abin zai yi sallar asuba. Ciyaman mai mutum rabin miliyan ba ya jin wannan kunyar, kuma ba lallai don mugun hali ba. Bai san lungun ba, lungun ma bai san shi ba sai a fosta.

Za a ce ai muna da masu unguwanni da dagatai da hakimai, kuma sun fi kowane magajin garin Turawa sanin jama'arsu. Gaskiya ne. Duk mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya san daga zauren mai unguwa ake farawa, kuma rikicin iyakar fili ko na gado sau da yawa a can yake mutuwa ba a je kotu ba. Amma mai unguwa ba shi da kasafi, kuma jama'a ba su da ranar da za su sauke shi in ya gaza. A zamanin En'e dagaci ya san kowane magidanci domin shi ke karɓar haraji da jangali, sanin nasa na karɓa ne, sama yake kai lissafi. Da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979 talaka ya huta da wani zalunci na gaske, sai dai ba a maye gurbin wannan rajista ta gida-gida da wata mai yi wa jama'a aiki ba. Sannan matsayin nasu a hannun gwamna yake: a 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 a lokaci guda, saboda nauyin albashi. Ko mutum ya yarda da dalilin ko bai yarda ba, abin ya nuna matakin da ya fi kusa da jama'a shi ne wanda ba shi da kariyar doka ko ta ƙuri'a.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato kuɗi da sata. In ciyamomi 774 sun gagare mu sa ido, ina ga dubbai? Kuma wa zai biya su? A nan ma ƙauyen Faransa yana da amsa. Daga cikin kansilolinsu kimanin 500,000, mafi yawa ba sa karɓar ko sisi, yawanci magajin gari da mataimakansa ne ke samun ɗan alawus. Babu motar ofis, babu zugar masu ba da shawara. Mafi muhimmanci, magajin gari ba ya taɓa kuɗi da hannunsa. Shi dai ya ba da umarnin biya, amma mai fitar da kuɗin akanta ne na baitulmalin ƙasa wanda ba a ƙarƙashinsa yake ba, kuma yana iya ƙin biya in takardu ba su cika ba. Tun dokokin 1982 wakilin gwamnatin tsakiya a lardi ba ya soke shawarar majalisar ƙauye da kansa, sai dai ya kai ta kotu in ta saɓa doka. Ban da wannan, sata tana son duhu da yawa. Miliyoyin da suka ɓace a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ba wanda ya gan su da ido, balle ya yi kewarsu. Kuɗin rijiyar burtsatse guda da aka liƙa adadinsu a ƙofar firamare, in ba a ga rijiya ba, kowa ya san gidan da zai je.

Wani zai ce Faransawan da kansu sun gaji da tsarin, suna ta haɗe ƙauyuka. An gwada, ba a yi nisa ba. Dokar 1971 ta nemi a haɗe su, ƙauyuka suka yi mirsisi. Sababbin dokokin 2010 da 2015 sun rage adadin daga sama da 36,000 zuwa ƙasa da 35,000 kawai. Abin da ya yi aiki shi ne ƙawance: ƙauyuka su ci gaba da zama da majalisunsu, amma su haɗa kai a ƙungiya guda don manyan ayyuka irin su shara da ruwan famfo da sufuri. Yau kusan kowane ƙauye yana cikin irin wannan ƙungiya, akwai su kimanin 1,250. Ba a rasa ƙorafi, magadan gari da yawa suna kukan cewa ikonsu ya koma can sama, wasu ƙauyukan ma da ƙyar ake samun mai son tsayawa takara. Duk da haka ginin daga ƙasa ya taso. Mu kuwa a 2021 an kafa hukumar kula da babban birnin Kaduna don haɗa ayyukan Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Chikun, abin da birnin ke buƙata tabbas, tunda magudanar ruwa ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. Sai dai rufi aka ƙara a kan ginin da ba shi da daɓe.

Akwai fargabar da ta shafi Kaduna musamman, kuma bai kamata a yi mata rufa-rufa ba. Tun rikicin shekarar 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, kuma ana iya tsoron cewa majalisun unguwanni za su ƙara kafa katanga, kowace unguwa ta ce wane ɗan gida ne, wane baƙo. Maganin wannan yana cikin sharaɗin ƙuri'a. A ƙauyen Faransa zama a wurin ko biyan harajinsa shi ke ba mutum ƙuri'a, ba a tambayar inda aka haifi kakansa, har ɗan wata ƙasar Tarayyar Turai da ke zaune a ƙauyen yana zaɓen majalisarsa. Kaduna ta fi kowane birni a Arewa dacewa da wannan ƙa'ida, domin gari ne da ya tashi bayan Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma sunayen unguwanninsa kansu, Unguwar Kanawa da Tudun Nupawa, shaida ne cewa kowa zuwa ya yi.

Nijar ta ɗauki tsarin Faransa, kuma abin da ya same ta gargaɗi ne. A 2004 aka yi zaɓen farko na komin 265. Amma komin irin su Ɗan Isa da Gabi da Safo a yankin Madarunfa kowace ta ƙunshi ƙauyuka masu yawa, an ari sunan ba a ari ƙanƙantar ba, kuɗin da ke sauka daga Yamai kuma bai taka kara ya karya ba. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Abu ɗaya da suka yi wanda ya cancanci koyi shi ne ba sarakunan gargajiya kujera a majalisa, su ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba.

Ba sababbin ƙananan hukumomi ake nema ba. Legas ta ƙirƙiri 37 a 2003, Kotun Ƙoli ta ce ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta sa su a kundin tsarin mulki, har yau ba a sa ba. Abin da ke hannun Majalisar Dokokin jihar Kaduna ya fi wannan sauƙi, domin sashe na 7 na kundin ya ba jiha ikon tsara fasalin ƙananan hukumominta. Tana iya yin dokar da za ta raba mazaɓu 255 na jihar zuwa majalisun unguwa da na ƙauye gwargwadon yawan jama'a, waɗanda mazauna wurin za su zaɓa, ba albashi, mai unguwa ko dagaci yana zaune a matsayin mai ba da shawara. A yanka musu ƙayyadadden kaso daga kuɗin ƙaramar hukuma, ma'aji ya biya ɗan kwangila kai tsaye bisa umarninsu, a liƙa lissafin inda kowa zai karanta. Ana iya farawa da mazaɓa biyu ko uku a gani. Cikas ɗin da ke gaba na siyasa ne: kason da za a yanka daga hannun ciyamomi zai fito, su kuwa ciyamomin da 'yan majalisar da za su yi dokar yawanci jam'iyya ɗaya ta tsayar da su, kamar yadda zaɓen Oktoban 2024 ya nuna, inda jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru 23 duka.