Maganin da ya daina ci

Duk wanda ya girma a Agye, Gazawa ko Gidan Runji ya san nibakin. Da can, in masassara ta kama yaro, shi ake ba shi, kwana uku sai ya miƙe. Yau fa? A likita an daina ba da shi don zazzaɓin cizon sauro. Tun shekarar 2005 Nijar ta canza magani, domin ƙwayar cutar ta saba da nibakin, ba ya kashe ta.

Wasu suna cewa wai jikin mutum ne ke sabawa da magani. A'a, ƙwayar cutar ce. Ku duba manomin wake. In ya yi feshi rabi da rabi, ƙwari masu rauni sun mutu, masu taurin rai sun tsira, sun hayayyafa. Baɗi feshin nan ba zai taɓa su ba. To, haka abin yake cikin jikinmu.

Ga yadda muke taimakon cuta ba mu sani ba. An ba mutum maganin kwana bakwai. Ya sha na kwana uku, ya ji sauƙi, sai ya ɓoye saura don gaba. Wani kuma ya je kasuwar Gazawa ko ta Cadawa, ya sayi ƙwaya biyu wurin mai talla, daidai kuɗin aljihunsa. Ba ganganci ba ne, talauci ne da nisan likita. Amma ƙwaya biyu ba ta kashe cuta, horo take ba ta. Mura kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amokisilin ba ya yi mata kome, ko an shanye kwali guda. Kuma cutar da ta gagari magani ba ruwanta da iyaka: ta Maraɗi tana isa Katsina rana ɗaya.

A 2013 aka fara rigakafin zazzaɓi na damina a Nijar, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma Gidan Runji na cikin wuraren farko. Ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 magani sau ɗaya kowane wata, na kwana uku a jere. Na ranar farko, ma'aikaci ne ke ba yaro. Na rana ta biyu da ta uku, hannun uwa ake barin su, ita ce za ta ba shi a gida.