Muhimmancin Shiri Kafin Aza Harsashin Gini: Nazari Daga Mabai da Kewayenta

Duk wanda ya saba bin ƙauyukan kudancin Jihar Katsina, daga Mabai ta ƙasar Ƙanƙara har zuwa Faskari da Sabuwa, ba zai rasa cin karo da ɗaya daga cikin abubuwa uku ba: ajin makaranta wanda gininsa ya kai linta ya tsaya, ko kwalbatin da ruwa ya kewaye ya bar shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar rafi, ko kuwa tankin ruwa a bisa ƙarafa wanda bai taɓa ɗanɗana ruwa ba. Abin da jama'a suka saba faɗi shi ne ɗan kwangila ya cinye kuɗin. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa aikin ya riga ya mutu tun yana cikin fayil, kafin a kafa shebur na farko a ƙasa. Matsalar kuwa ba ta wannan yanki kaɗai ba ce. A 2011 wani kwamitin da Shugaban Ƙasa ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 waɗanda aka soma ba a gama ba.

Abin da ake nufi da shiri a nan shi ne dukkan abin da ake yi tun daga ranar da aka ce ana bukatar aiki har zuwa ranar da aka sa hannu a takardar kwangila. A cikin wannan tsakani ne ake tantance bukatar, a zaɓi wuri, a yi safiyo, a gwada ƙasa, a zana, a ƙididdige kaya da kuɗi, a sasanta da masu fili. Kuɗin da wannan mataki ke ci kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin kansa, amma a nan ne ake yanke yawan abin da ginin zai ci. Kuskuren da aka gano a kan takarda da fensir ake gyara shi. Wanda aka gano bayan kankare ya bushe kuwa sai da guduma. Saboda haka ingancin shiri ba saurin gama shi ba ne, ba kuma kaurin fayil ba ne. Ingancinsa shi ne a yi kowace tambaya a lokacinta, a kuma fara da tambayoyi masu araha waɗanda amsarsu za ta iya hana aikin baki ɗaya.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Maginin gargajiya ba ya soma aiki sai kaka ta wuce, mai gida ya sayar da amfanin gona ya san abin da ke hannunsa. Yakan fara duba kududdufin da za a haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta kwana biyu, a cura tubali a shanya. Tsawon azara shi ke yanke faɗin ɗaki, don haka ba a shata soro sai an san irin azarar da za a samu. Kuma duk aikin, har da yaɓe da ɗaura indararo, tilas ya ƙare kafin ruwan farko. Watau magini yana shirinsa ne bisa kalandar sama da ƙasa. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana nasa bisa kalandar kasafin kuɗi, kuma a nan ne ɓarna ta farko take shigowa.

Alal misali, a ɗauka ana son yin kwalbati a kan wata ƙorama da ke raba Mabai da gonakinta. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa a watan Janairu. Kafin a saki kuɗi, a tura injiniya, a yi zane, a buga sanarwar neman 'yan kwangila, a zauna a tantance, an kai Mayu ko Yuni. Ɗan kwangila ya iso da siminti tare da damina. Motar yashi ta kafe a hanya, ramin harsashi ya cika da ruwa, leburori sun koma gona domin babu wanda zai bar shuka ya ɗauki kwanon kankare. Aiki ya tsaya sai Nuwamba, kafin nan farashin rodi da siminti ya tashi, sai a dawo ofis da takardar neman ƙarin kuɗi.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Injiniyan da aka tura ya ga ƙoramar ne a watan Maris, sa'ad da take busasshen yashi, yara na wasa a ciki. Bai ga ta a watan Agusta ba. Ƙananan rafukan karkara galibi ba su da ma'aunin ruwa, balle tarihin ambaliya a rubuce. Tarihinsu yana bakin dattawa, waɗanda za su iya nuna gindin itacen da ruwa ya taɓa kaiwa, yana kuma jikin shara da ruwa ya maƙale a rassan bishiyoyin gaɓa. Idan aka auna bakin kwalbati da ruwan rani, ruwan damina zai nemi hanyarsa ta gefe, ya cinye cikon ƙasa, ya soma kwazazzabo inda da babu. Rijiya kuwa akasin haka take. Mafi yawan wannan yanki a kan tsohon dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shimfiɗe yake ko'ina ba, yana taruwa ne inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Rijiyar burtsatse guda za ta ba da ruwa, wata da ke taki kaɗan daga gare ta ta fito da ƙura. Don haka ba a haƙa sai an yi awon ƙasa da na'ura, ba a kuma yarda da ƙarfin rijiya sai an gwada ta a Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. Tankin da aka ambata a farko, yawanci an kafa shi ne kafin a san abin da rijiyar za ta iya bayarwa.

Maganin wannan ba ya bukatar ƙarin kuɗi mai yawa, sai dai sauya jerin aiki. Aikin da za a gina a rani mai zuwa, a duba wurinsa a wannan damina, a gama zane da ƙididdiga kafin a rubuta shi cikin kasafi, yadda adadin da za a sa zai fito daga awo, ba daga ƙiyasin wanda bai taɓa zuwa wurin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manyan ayyuka ma ba su tsira ba, sai dai nasu kuskuren ya fi tsada. Madatsar ruwa ta Zobe, a kan kogin Karaduwa a ƙasar Dutsin-Ma, arewa da Ƙanƙara, an kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Tafkinta na iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, kuma an yi ta ne domin noman rani na dubban kadada da kuma shayar da birnin Katsina da garuruwan da ke kan hanya. Bangon ya tsaya, ruwa ya taru. Amma madatsa rabin aiki ce. Ruwan sha yana bukatar matatar ruwa, da injinan turawa, da wutar da za ta juya su, da bututu mai nisa. Noman rani kuwa yana bukatar magudanai har bakin gona. Waɗannan ba su zo tare da bangon ba. Gwamnatoci suka yi ta shuɗewa, ana ba da kwangila ana tsayawa, har sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gama madatsar. Yaron da aka haifa a shekarar da aka rufe kogin ya kai ga aurar da 'ya kafin a buɗe matatar. Abin lura shi ne, ba a ce bangon ya yi rauni ba. Abin da ya gaza shi ne ɗaukar aikin a matsayin sarƙa guda, daga kogi har bakin famfo, da tanadin kuɗin kowane zobe nata tun farko. Da an tsara ƙaramin kashi cikakke wanda zai fara aiki da kansa, sa'an nan a riƙa faɗaɗawa, da jama'a sun daɗe suna amfana.

A Bakalori, kusa da Talatar Mafara, abin da aka tsallake mutane ne. Rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a bi a hankali da matsakaicin aiki. Da kuɗin man fetur ya shigo sai aka zaɓi babba, aka ba kamfanin Impresit na Italiya, aka gama madatsar a 1978. Dubban manoma suka rasa gidaje da gonaki, wasu aka hana su shuka ana daidaita filaye, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar kuma, waɗanda shinkafarsu ta dogara ga ambaliyar kowace shekara, ba a sa su cikin lissafi ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a ƙarshen Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ƙaramin aiki a Mabai ba zai kai ga haka ba, amma asalin abu ɗaya ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba hukuma ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da ke kansa. Sai dai dokar ba ta san cewa wannan gona ta gado ce tsakanin 'yan'uwa tara ba, ko an jinginar da ita, ko burtali ya ratsa ta gefenta. Dagaci da mai unguwa su suka sani, kuma zama da su na yini guda kafin a kafa turakun safiyo ya fi wata shida na shari'a bayan an kafa.

Haka nan tanadin kaya. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Babu wanda ya tambayi ƙofar da kayan za su shigo.

Ba a rasa dokoki ba. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a soma su. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 kuwa ta hana a ba da aiki sai yana cikin tsari, yana cikin kasafi, kuma an tabbatar kuɗinsa na nan. Wahalar ita ce sau da yawa akan cika waɗannan takardu ne bayan an riga an yanke shawara, su zama ado. Wata al'adar ofis da ta fi kowace ɓarna ita ce raba ɗan kuɗi kaɗan ga ayyuka masu yawa domin kowace gunduma ta ga an aza mata harsashi. Ajujuwa goma da suka kai linta ba su koyar da yaro ko ɗaya. Uku masu rufi suna koyarwa.

Akwai tambayoyi biyu da tsofaffin fayiloli ba su saba ɗauke da su ba. Ta farko ita ce wa zai riƙe aikin bayan an yanke ƙyalle. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya haɗa har da ƙasashen Ƙanƙara da Faskari, ya kuma shimfiɗa hanyoyin karkara na marmara tare da ƙananan madatsu da cibiyoyin manoma. Hanyar marmara kuwa tana son a kankare ta a share magudananta bayan kowace damina, in ba haka ba cikin 'yan shekaru ta koma turba. Idan ba a rubuta sunan hukumar da za ta yi wannan da inda kuɗinsa zai fito ba tun a shiri, to babu mai yi. Ta biyu ita ce tsaro. Tun bayan sace ɗaruruwan ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, babu mai shirin makaranta ko asibiti a wannan yanki da zai zaɓi fili a bayan gari don kawai arha ne. Dole kuma ya lissafa ko ɗan kwangila daga nesa zai yarda ya kwana da injinansa a wurin, ko kuwa gara a yanka aikin ƙanana-ƙanana yadda magina da birkilolin garin za su iya ɗauka, injiniyan Ƙaramar Hukuma yana zuwa duba su ranar kasuwa, sa'ad da hanya ke da jama'a.