Jirgin Ƙasa A Kan Kanta: Wane Ma'auni Ya Dace Da Ƙaramin Ɗaki?

A duk ƙarshen shekara, Lambun Tsirrai na Amurka da ke kudu maso yammacin birnin Washington, dab da ginin majalisar dokoki, yakan cika da jama'a masu zuwa kallon ƙananan jiragen ƙasa na wasa suna zagaya gine-ginen da aka ƙera da ɓawon itace da ganyaye. Waɗannan jirage na ma'aunin da ake kira G ne, wanda faɗin dogonsa ya kai milimita 45. Ba mamaki mutum ya fito da sha'awar kafa irinsu a gida, sai dai a nan gizo ke saƙar, domin yawancin mazaunan wannan yanki a gidajen bene masu ƙananan ɗakuna suke, tun bayan da aka rushe tsohuwar unguwar a shekarun 1950 aka sake gina ta.

Masu wannan sha'awa sun daɗe da samo mafita. Maimakon jirgi ya yi ta zagaye, sai a kafa 'yar tasha a kan kanta a jikin bango, inda aikin duka shi ne jera taragai da sauya musu layi, kamar yadda ma'aikatan reluwe ke yi a tashar Kano zamanin dalar gyaɗa. Mafi shahara a wannan fanni su ne Timesaver na John Allen, wanda mujallar Model Railroader ta buga a 1972, da kuma Inglenook na wani Bature ɗan Ingila mai suna Alan Wright. Inglenook layuka uku ne kawai, ɗaya mai cin tarago 5, biyu masu cin uku-uku. A cikin taragai 8 za a zaɓi 5 a jera su bisa tsarin da ƙuri'a ta bayar, kuma irin jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Mai karatu zai ga cewa wasan ya fi kusa da dara fiye da wasan yara.

To, wane ma'auni za a zaɓa? Tarago mai tsawon ƙafa 40 shi ne abin awo. A ma'aunin HO, wato kashi ɗaya cikin 87, tsawonsa santimita 14 ne. A ma'aunin N, ɗaya cikin 160, bai kai santimita 8 ba, a yayin da a ma'aunin O, ɗaya cikin 48, yake kaiwa 25. Idan muka haɗa taragai biyar, da wurin da inji zai ja uku ya koma da baya, da mahaɗun layuka biyu, Inglenook zai ci kimanin mita ɗaya a N, kusan mita biyu a HO, sama da mita uku a O. Ma'aunin G kuwa sai a bar wa lambu.

A ganinmu, duk wanda ke da bango mai mita biyu, HO ya fi masa. Dalili shi ne aikin jera taragai a hankali ake yinsa, kuma ta dogo wutar lantarki ke shiga injin. Ƙaramin inji ba shi da nauyi, don haka 'yar ƙura kaɗan ta isa ta tsayar da shi a kan mahaɗa, abin da mai jirgin da ke gudu yana zagaye ba zai ma lura da shi ba. Bugu da ƙari, a zama ɗaya za a haɗa a kuma raba ƙugiyoyin taragai sau da dama, ko da maganaɗisu ko da ɗan tsinke, kuma wanda idonsa ya fara neman tabarau zai sha wuya da na N. Amma idan wurin bai wuce mita ɗaya ba, gara N mai kyau da HO a matse. Shi kuwa O daɗin kallo gare shi da nauyi a hannu, sai dai tsada da cin wuri.

Akwai wani batun da ya shafi ɗan Arewa mai son kwaikwayon tashar garinsu. Dogon HO na kasuwa, mai milimita 16.5, yana kwaikwayon layi mai faɗin milimita 1,435 ne, irin wanda ya ratsa kudu maso yammacin Washington ya haye kogin Potomac ta gadar Long Bridge, kuma irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma tsohon layin da ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne. Mai son ya yi daidai sai ya nemi dogo mai milimita 12 ya zauna a HO, ko kuma ya bi sawun mutanen New Zealand, waɗanda layinsu faɗi ɗaya ne da namu, suke ɗora jirage na ɗaya cikin 64 a kan dogon HO. Taragan kam sai ya ƙera da hannunsa, kuma wanda ya taɓa haɗa motar kara yana yaro ya riga ya san rabin aikin.