Bushewar Ciki: Wani Lokaci Alamar Cuta Ce

Idan mutum ba ya zagayawa sau 3 a mako, ko kuma bayan gidansa ya yi tauri sai da nishi, to ya kamu da bushewar ciki. Galibi ƙarancin shan ruwa da rashin cin ganye ke kawo ta. Amma akwai cututtukan da ke ɓuya a bayanta.

Zazzaɓin taifod yakan busar da cikin manya. Ciwon sukari idan ya daɗe yana raunana jijiyoyin hanji, abinci ya riƙa tafiya a hankali. Mai basir yakan riƙe bayan gida don tsoron zafi, riƙewar kuwa ƙara masa tauri take yi. Tsutsar ciki tana iya dunƙulewa ta toshe hanjin yaro. Masu juna biyu ma suna fama da ita, musamman masu shan maganin ƙarin jini, amma kada su daina sha sai da shawarar malamin asibiti.

Mafi haɗari ita ce gwaiwa idan hanji ya maƙale a cikinta. Ciki ya kumbura, ga amai, ba tusa ba bayan gida. Kada a tsaya jiƙa kanwa ko shan maganin wankin ciki, a garzaya babban asibiti nan take. Haka kuma dattijon da ya ga jini a bayan gidansa, yana ta ramewa, ya je a binciki hanjinsa, domin ciwon daji kan fara da haka.

Jama'a, a yawaita shan ruwa mai tsabta, da cin zogale, rama, kuɓewa, wake da gwanda. Rigakafi ya fi magani.