Tsilar Dila da Yanyawa

Bahaushe ya san tsila, watau tsutsar nan doguwa da akan samu wajen cin naman shanu wanda bai dahu ba. Amma akwai wata ƙanwarta a ƙasashen sanyi wadda ta fi ta mugunta nesa, ko da ya ke tsawonta bai kai na ƙwayar shinkafa ba. Likitoci suna kiranta Ekinokokus.

Mazauninta hanjin yanyawa ne da na dilan Amurka. Ƙwanta yakan fita tare da kashinsu, ɓera ya ci shi a ciyawa, sa'an nan dila ya cinye ɓeran. Haka take ta zagawa a daji, ba ruwanta da mutum. To, sai karen gida ya kama irin wannan ɓera. Mai shi ya shafa jikinsa, ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ke nan ƙwai ya shiga.

A cikin mutum, hanta take nufa. Can za ta yi ta yaɗuwa kamar sankara, shekara 5 har 15, mai ita bai ji kome ba. Abin da ya sa ta zama abin tsoro ke nan, gama in ba magani yawanci kisa take yi.

A lardin Albata na Kanada an fara ganinta jikin mutum a 2013. Kafin ƙarshen 2020 masu ita sun kai 17. Likita yakan yanke wajen da ya ɓaci in ya yiwu, in kuwa bai yiwu ba, sai shan ƙwayar albendazol har iyakar rai.